Lemun Tsamin Bayan Ɗaki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Wannan takarda daga hannun mahaifiyarka Hauwa'u take, daga Birnin Kabi, zuwa ga ɗana Usmanu, Manin gidanmu, a Argungu. Gaisuwa mai yawa da yarda da sa albarka. Ina fata ka sauka lafiya, motar ba ta wahalshe ka ba, ka kuma iske gwaggonka Tumba da ƙarfinta. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin abin da ke tudu da abin da ke ruwa, ya sa aikin nan na malamin gona ya zame maka alheri, amin.

Bayan haka, ka yi haƙuri da hannuna. Na daɗe ban riƙa alƙalami ba, kai kuma yanzu boko ya fi ajami zama a idonka. Ka karanta a hankali, ba sauri nike yi ba.

Ranar da za ka tashi, kana ɗaure kaya, ka nuna mini zarton da anka ba ka a Gidan Gona da almakashin nan mai kaurin baki. Ka ce in ka isa gidan babanka, abin da za ka fara yi shi ne ka sare lemun tsamin bayan ɗaki ka dasa mangwaro a gurbinsa, don Baturen gona ya koya maku icce in ya lalace ƙwarai gyaransa ɓata lokaci ne. Na ce maka to. Wannan to ɗin iyakarta leɓe. Ga kawunanka zaune sun zo sallama, ba zan iya buɗe wannan zance gabansu ba. Shi ya sa na biyo ka da takarda. Roƙona guda ne, Mani. Kada ka sare iccen nan. Ka gyara shi. Ban san gyaran icce kamarka ba, amma na san ɓata shi, don ni na ɓata wannan, kuma zan gaya maka yadda anka yi.

Mutanen gidan babanka Kabawa ne, masunta tun kaka da kakanni. Malam babanka, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ya bar ruwa ya kama karatu. Suna da wata al'ada da ban san ta a gidanmu ba. In an haifi ɗan fari, inda ungozoma ta binne mabiyiya nan ake dasa icce. Ranar da anka raɗa wa yayanka suna, kakarka ta zo da ɗan lemun tsami cikin sakaina, tsawonsa bai kai taƙi ba. Ta dasa shi da hannunta, ta ƙi ruwan rijiya, ta sa anka ɗebo na gulbi ta zuba masa. Ta miƙe tana kaɗe zane ta ce, “To, ga mijina na dasa. Wanda yat taɓa shi, shi da ni.”

Anka yi dariya. Ni ban yi ba, don ina ɗaki, kuma ni ɗiyar malamai ce, ban ga wannan abu a karatun da anka yi mini ba. Amma baƙuwa ce ni a gidan, na kama bakina.

Ka san kunyar ɗan fari a wurinmu. Ba ni kiran sunansa, ba ni ɗaukarsa gaban mutane, in yana kuka sai wata ta miƙo mini shi a bayan ƙyaure. To da yake kowa a gidan da sunansa yake kiran iccen, sai kunyar ta haɗa har da iccen. In na bi ta wurin sai in kau da kai. In zan zubar da ruwan wanke-wanke sai in wuce shi in kai gindin zogale. Matan gida suna yabona, suna cewa Kulu akwai kunya, an san ɗiyar Birni ce. Ni kuma yabon yana yi mini daɗi, ba zan ɓoye maka ba.

Wata rana akuya ta tsinke ta nufi lemun. Ina ƙofar ɗaki ina tankaɗe, ina kallonta ta cinye kansa tas. Tsakanina da ita bai fi jifa da mara ba. Ban tashi ba, don kada a ce an ga Kulu tana kore wa ɗanta akuya. Da ya tofo sai ya fito da kai uku. Ɗaya ya miƙe sama kamar yadda ya kamata. Ɗaya ya kwanta ya nufi danga, wajen gulbi. Na uku ya karkace ya ratsa tsakiya, ya jingina a jikin miƙaƙƙen.

A lokacin idon kakarka ya fara tafiya. Ta je ta shafa shi da hannu, ta kira ni.

“Kulu, zaka ki gani. Iccen ga ya ɗauki hanyar da ba tashi ba. Samo turke da igiyar rama ki ɗaure shi tun yana jin magana, ki cire mishi wanga na tsakiya da farce.”

Na ce, “Inna, a sa wani.”

Ta ce, “Wa za a sa? Ni makauniya? Ko Malam, da bai san gero da dawa ba sai cikin akushi? Ke dai riƙe kunyarki da kyau, in ta nuna ki matsa mamu a kunu.”

Na sunkuyar da kai na koma ɗaki. Abin da farce zai cire ran nan, yau ga shi sai da zarto.

Akwai abin da na riƙa gani a shekarun nan ina kau da shi daga raina. Shekarar da yayanka ya yi ƙyanda, ganyen lemun duk ya yi ɗigo-ɗigo. Na ce ƙwari ne. Da ya warke, ganyen ya zube ya sake sabo. Sa'an nan gindinsa bai taɓa bushewa ba. Ba mai ba shi ruwa bayan kakarka ta kwanta dama, amma ko cikin bazara, lokacin da ƙasar gidan ke tsagewa, in ka taka wurin sai ka ji danshi a tafin ƙafa, da wani ƙarni-ƙarni irin na bakin gulbi. Na ce wata tsohuwar rijiya ce a ƙasa. Mai yiwuwa haka ne. Allah shi ne masani.

Mani, ka ji wannan. Kunya ado ce, kuma yankin imani ce, ban ce ka yar da ita ba. Amma duk kunyar da za ta zaunar da kai kana kallon abin da Allah ya ba ka amana yana lalacewa, wannan son yabo ne ya yafa zanen kunya. Za ka yi aure, za ka haihu in Allah ya so. In kun ga dama ku ɓoye sunan ɗan farinku, amma kada ku ɓoye masa idonku. A wurin aiki ma haka. In ka ga abu ya fara karkata, ka faɗa tun yana ƙarami, da murya ƙasa, kada ka jira sai an kira gatari.

Yayanka ya girma, kai kana ƙarami a lokacin. Malam yana son ya yi karatu, shi kuwa ƙafarsa gulbi. Da an ɗaga ido sai a tarar da allo jingine, mai allo yana can cikin jirgin masunta. Malam ya riƙa zama a zaure don ya tsare ƙofa. Ashe reshen nan da ya kwanta ya yi kauri, ya fi cinyar ƙato, ya danne danga ya leƙa waje. Ta kansa yake bi ya dira rariya. Bawon wurin har ya yi sulɓi don sawunsa.

Ran nan cikin bazara wata maƙwabciya ta shigo aron turmi. Tana fita ta ce, “Kulu, na ga ɗan Malam can gulbi yana ta jan mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi. Wallahi ya fi Sarkawa masunta iyawa. Allah ya sa karatun ma haka yake ja.” Ta yi 'yar dariya ta tafi.

Maganar ta zauna mini a ƙirji kamar garwashi. Ba ni iya yi masa faɗa, don faɗa ma kula ce, kuma sai na dube shi. Sai na ɗauki gatarin faskare na zaga bayan ɗaki.

Rana ta take tsaka, lokacin da manya ke hana yara zama gindin icce. Gidan duk an kwanta. Ban yi bisimilla ba. Ni da ko tsintsiya ba ni ɗauka sai da sunan Allah, ran nan ban yi ba. Na kafa wa reshen gatari daga sama na yi ta sara. Ban kai rabi ba nauyinsa ya rinjaye shi, ya tsage, ya ɗaye bawo tun daga kafaɗar iccen har kusa da ƙasa. Ƙarar da ya yi ba ta icce ba ce. Kamar mutum ya ja numfashi ta haƙora don zafi.

Sai komai ya yi tsit. Akwai kurciyoyi a kan rumbu da ke kuka tun hantsi, sunka yi shiru gaba ɗaya. Kajin da ke kwance a inuwa sunka miƙe, ba su gudu ba, sunka tsaya suna kallona. Na dubi wurin saran. Na san lemo yana fid da ƙaro, amma wannan ruwa ne, yana bin farin iccen yana ɗiga, ɗis, ɗis. Na sa yatsa na taɓa. Sanyi ƙalau cikin zafin nan, kamar yanzu anka ɗebo shi daga tsakiyar gulbi. Na kai hanci na ji laka da kifi. Na aje gatarin a hankali, na ja da baya har bayana ya daki bango, don ban iya juya wa iccen baya ba.

Kafin la'asar anka shigo da yayanka, masunta sun ɗauko shi cikin tabarma. Wani babban kifi ya fizgi mamari, igiyar ta naɗe masa hannun dama, ƙugiyoyin sunka tsaga shi tun daga kafaɗa har wuyan hannu. Kai ka tuna jinin, don ka yi ta kuka anka kai ka maƙwabta. Ni kuwa na tsaya bayan asabari na tambayi babbansu, “Baba, yaushe abin ya faru?”

Ya ce, “Rana tsaka, ɗiyata, inuwa na ƙarƙashin ƙahwa. Kuma ruwan kwance yake lihis, ba mu ga ko motsin kihin ba.”

Da gida ya natsa na gaya wa Malam duk abin da na yi da abin da na gani. Ya daɗe yana jan tasbaha. Ya ce, “Kulu, icce icce ne. Rai da lafiya suna hannun Allah, ba su hannun lemo. Ki yi istigfari kan fushin, ki kuma yi istigfari kan zaton.” Na yi, kuma har yau ina yi. Gaskiya ya faɗa. Amma shi ɗin da kansa, tun daga ranar bai sake bari an ɗaure dabba a gindin iccen ba, in ya ga yaro da wuƙa kusa da shi sai ya kira shi ya aike shi wani wuri. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

Hannun ya warke amma ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Ranar da ya fara fita tsakar gida ya zaga baya, gwaggonka Tumba tana shanya a wurin, ni ina madafa ina jin su. Ya ce, “Gwaggo, wa ya yi wanga aiki?”

Ta ce, “Iska ce, ɗan nan.”

Ya ce, “Iska mai gatari.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na leƙa ta kafar zana na ga ya ɗora sandararren hannun kan raunin iccen, ya daɗe a haka.

Da damina ta sauka, iccen ya yi abin da ban zata ba. Kewaye da wurin saran ya fid da tofo barkatai, miƙaƙƙu, masu ƙaya kamar tsinke, ba fure ba ɗa. Wurin da na so ya zama fili ya koma sarƙaƙiya, hannu ba ya shiga. Gara ta samu ƙofa ta raunin da na bari buɗe. Yayanka ma magana ta ƙare tsakaninsa da kowa, wanda ya matso sai ya ji tsini. Da ruwa ya fara janyewa ya shiga jirgin wasu fatake masu gangarawa, ko sallama bai yi ba. Sauran ka sani.

Don haka kada ka taɓa icce kana fushi, kada ka taɓa mutum kana fushi. Za a tura ka Gulma da Augie wurin manoma, wasunsu sun haifi babanka, a ce ka sa su canja yadda suke yi. Kada ka zo masu da sara ɗaya. Abin da ya shekara da shekaru yana karkata ba ya miƙewa ran guda, in ka matsa sai ya tsage, abin da zai tofo bayan nan kuwa ƙaya ce. In dole ta sa ka faɗa wa mutum magana mai zafi, kada ka tafi ka bar ta buɗe. Ka koma ka gaishe shi, ka tambayi iyalinsa. Kuma rana tsaka ba lokacin yanke komai ba ne, ka jira inuwa ta miƙe.

Bayan tafiyar yayanka na aje kunyar iccen. Wanda ya so ya yi magana ya yi. Na tambayi masu garka, wato lambu, ta bakin gwaggonka, na riƙa gwadawa. Na toshe raunin da laka da kashin shanu, na kori gara da toka. Tofon nan masu ƙaya na riƙa cire su kaɗan-kaɗan, ina barin wanda ya fuskanci waje ya sami rana. Duk damina in rage kaɗan in tsaya, in ga yadda zai amsa. Kuma kullum zan taɓa shi sai na yi bisimilla na yi sallama. Ba bauta ba ce, Allah ya tsare ni. Ko ɗakin da ba kowa za ka shiga an ce ka yi sallama.

A nan ma na yi wani kuskure. Da na ga miƙaƙƙen reshen ya fara rinjaya, na kafa turke na ɗaure shi da igiyar ɗanyar fata, tamau, don kada ya ƙara motsi. Fata ta bushe ta tsuke, icce kuma yana ƙara kauri. Ban lura ba sai da igiyar ta nutse cikin bawo, ganyen sama ya fara yaushi. Da ƙyar na ciro ta da bakin aska. In ka duba za ka ga zoben har yanzu, daidai ƙirjinka.

Wannan ɗaurin kai ma na yi maka shi, Mani. Don tsoron abin da ya sami yayanka na hana ka ko wanke ƙafa a gulbi. Aike in ya wuce ƙofar gari ba ka zuwa. Ga shi yau jikan masunta, gemu ya fara fitowa, za a riƙa tsallakar da kai fadama cikin jirgi, kai kuwa ko a kwatarniya anka saka ka sai an tsamo ka. Kana isa ka nemi ɗaya daga cikin 'yan uwan babanka ya koya maka iyo. Za su yi maka dariya, su ce malamin gona ya zo shan ruwa. Bar su su yi. In kuma za ka ɗaure reshe, ka sa tsumma tsakaninsa da igiya, ka bar masa wurin da iska za ta kaɗa shi, ka riƙa zuwa kana sassautawa.

Yanzu zan gaya maka abin da ko Malam ban gaya wa ba. Wata rana da hantsi, damina ta fara nisa, na zaga da 'yar wuƙata. Gwaggonka tana daka a tsakar gida, ina jin tabaryarta. Na tsaya gaban iccen na ce salamu alaikum, kamar kullum. Sai anka amsa.

Ba da ƙarfi ba. Kamar mutum yana tsallaken ruwa ya amsa, iska ta kawo maka ƙarshen maganar. Amma muryar na san ta, ta yayanka ce, har da 'yar dishewar nan da yake yi in ya kwana a ruwa. Na duba bayan danga, ba kowa sai rariya da rana. Na kira gwaggonka na ce ko ta ji an yi magana. Ta ce, “Mi zan ji, ni da tabarya? Kulu, kin ga fuskarki kuwa? Shiga inuwa.” Na nemi tsari da Allah, na karanta abin da ya sawwaƙa, na gama aikin da na zo yi.

Cikin wannan daminar wani ɗan lemo ya tsiro a gindinsa. Shekara da shekaru 'ya'ya suna zuba a wurin suna ruɓewa, ko ɗaya bai taɓa tsirowa ba sai wannan. Na kewaye shi da ƙaya. Da kaka ta yi, wani mai jirgi ya sauka a zauren Malam, ya ce ya ga yayanka can ƙasar Yawuri, ya gane shi da hannun. Ya ce yana saƙa wa masunta taru da hannu guda da yatsun ƙafa, kuma ya gan shi da jinjiri a kafaɗa. Wannan shi ne labarinsa na ƙarshe da ya iso mu. Ban ce ɗan lemon ne ya kawo shi ba. Na dai gaya maka abin da ya riga wani.

Reshen tsakiya shi ne na kasa. Wanda kakarka ta ce in cire da farce. Ya yi kauri, yana gugar miƙaƙƙen duk lokacin da iska ta taso, har ya ci masa rami a jiki. Na san in ba a raba su ba ruɓa za ta shiga zuciyar iccen. Duk shekara sai in ce bana, in je in tsaya, in tuna ƙarar nan, in komo. Ina cikin haka Malam ya rasu, kawunanka sunka maido mu Birni, na baro shi yadda yake.

Watan da ya wuce gwaggonka ta aiko mini da saƙo ta bakin mai kawo shinkafa. Ta ce ganyen gefe guda ya yi rawaya yana zuba, ƙaro baƙi yana fita daga wurin gugar. Ta ce kuma gindin ya bushe. Ta taka da ƙafarta ta ji ƙura. Tun da anka dasa shi ba a taɓa ganin haka ba.

Ban san abin da wannan ke nufi ba, kuma ina tsoron Allah in ce na sani. Amma ka ga dalilin da maganar sarewa ta dame ni. In icce ne kawai, ba ka yi hasarar komai ba don ka yi masa haƙuri, mangwaronka ka dasa shi can wajen rijiya. In kuwa akwai abin da ya wuce haka, ba ni son hannu na biyu daga ɗakina ya ɗauki ƙarfe a kansa da gaggawa.

Ga abin da nike so. Ka fara da ba shi ruwa, safe da yamma, na gulbi in ka samu mai ɗebowa. Kada ka yanke komai sai ruwan fari ya sauka ƙasa ta yi sanyi. Ran da za ka yi, ka yi da safe, da alwalarka, kana ƙoshe, ba ka yi faɗa da kowa ba. Ka yi bisimilla ka yi sallama. In an amsa maka, kada ka gudu, kada kuma ka tsaya hira, ka nemi tsari ka kama aikinka. In ba a amsa ba kada ka ɗauki komai a ranka. Reshen tsakiyar kaɗai za ka cire bana, sauran karkacewar ka bar wa baɗi. Ka sa a tallafe shi da gwafa kafin ka fara, ka soma yanka daga ƙasa sa'an nan ka gama daga sama, don kada ya ɗaye bawo irin nawa. Wannan kai ka fi ni sani, kuma zartonka ya fi gatarina tausayi, shi ya sa na ga aikin naka ne. In ka gama ka rufe raunin, da maganinku na Gidan Gona ko da laka, duk wanda ka ga ya fi. Ɗan lemon da ke gindi kada a taka shi.

Amma kafin ka rufe, ka tsaya ka dubi fuskar yankan da kyau, wajen da ya rage a jikin uwar iccen. Ka sa farce. In ka tarar da shi ɗanye, fari, yana da danshi, ka tsinki ganye guda ka ba direban motar kasuwa ya kawo mini, ba sai ka rubuta komai ba. In kuwa ka tarar ya bushe har zuciya, kada ka aiko kowa. Ka nemi izini wurin aiki ka zo da ƙafarka. In na ji sallamarka a zaure zan gane, ba sai ka wahalar da bakinka ba.

Na ware gero na aje don sadaka. Gwaggon taka ma na ce ta ware nata. Ban san ko ta godiya za ta zama ko ta mamaci ba, amma ko wacce ce za a dama a raba, kuma zan gode wa Allah.

Ka gai da gwaggonka, ka yi mata biyayya, ka rage mata aikin ruwa. Ka je kabarin babanka da na kakarka ka yi masu addu'a. Kada salla ta wuce ka don aikin Nasara. Allah ya daidaita hannunka, ya sanyaya zuciyarka, ya tsare ka a jirgi da mota da bayan doki. Ya tsare na kusa da na nesa, wanda muke ji da wanda ba mu ji, ya tara mu da alheri, in ba a nan ba a can. Na yafe maka duniya da lahira.

Wassalam. Mahaifiyarka, Hauwa'u.